Yadda Ake Renon 'Ya'yan Tumaki a Ƙaramin Garke, da Yadda Launin Gashinsu Yake Bin Gado

Shekarun baya, a gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Daura, wata farar tunkiya da muka haɗa da farin rago ta haifi 'ya baƙa wuluk, babu ko ɗigon fari a jikinta. Kafin azahar magana ta zagaye unguwa cewa ragon maƙwabcinmu ne ya tsallako da dare, alhali ragon nasa ja ne, kuma yana ɗaure a turke tun kafin lokacin da tunkiyar ta ɗauki ciki. Dattawa suka ce albasa ce ba ta yi halin ruwa ba, aka yi dariya, aka watse. Sai daga baya na fahimci cewa babu ragon da ya tsallako. Baƙin yana kwance ne a jikin iyayen biyu, kowannensu ya gaje shi daga kakanni yana ɗauke da shi a ɓoye. Mai tumaki biyar ko goma ba shi da ikon rage farashin dusa, amma abu biyu suna hannunsa: ragon da zai hau tunkiyarsa, da abin da zai ba uwa da ɗa a makonnin da ake gina jikin ɗan.

Irin da za a fara da shi

Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'aduwa, ko ta Mashi, ko ta Caranci, iri uku zai fi gani. 'Yankasa matsakaita ne, farare, da baƙi a kewayen ido da kunne da baki, wani lokaci har a ƙafafu, kuma su ne suka fi jure rayuwar cikin gida da ƙarancin abinci. Uda dogo ne mai manyan kunnuwa masu lilo, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kamar an raba shi da igiya, kuma da yawa daga cikinsu ta iyakar Nijar suke shigowa. Balami, wanda asalinsa ƙasar Borno ne, fari ne fat, mai gantsararren hanci, shi ne mafi girma, shi ne kuma mafi cin abinci. Dukkansu tumakin gashi ne, ba su da ulun da ake aske wa tumakin Ingila ko Ostireliya, amma ƙa'idar gadon launi ɗaya ce ga masu gashi da masu ulu.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da 'Yankasa uku ko huɗu waɗanda suka taɓa haihuwa sau ɗaya, domin ya ga hantsarsu, ya kuma tambayi yadda suka riƙe 'ya'yansu. Irin ne da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa. Kada sha'awar girma ta sa a ɗora ƙaton Balami a kan 'yar tunkiyar da ba ta gama girma ba, domin ɗan yana iya fin ƙarfin ƙugunta a ranar haihuwa. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta ita kaɗai na mako uku, da kominta da kwanon ruwanta daban, ko da dillali ya rantse da lafiyarta.

Lissafin barbara

Tumakinmu suna neman rago a kowane lokaci na shekara. Tunkiya takan nemi barbara kusan duk bayan kwana 17, neman yakan ɗauki yini ɗaya zuwa yini da rabi, ciki kuma yana ɗaukar wata biyar, wato kimanin kwana 147 zuwa 150. Wanda ya bar rago yana yawo cikin tumaki dare da rana zai riƙa samun haihuwa a lokacin da bai shirya mata ba, kuma ba zai taɓa sanin uban kowane ɗa ba. Ɗan da aka haifa a tsakiyar damina yana fama da danshi da tsutsar ciki, wanda aka haifa a watan Afrilu ko Mayu kuma yakan tarar da uwarsa a rame, nono ya yi ƙaranci. Haihuwar kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce ta fi sauƙi a ƙasarmu, lokacin da harawa da kowa da karmami suke ko'ina. Wannan yana nufin a haɗa su a watan Mayu ko Yuni, kuma tun da lokacin tumaki suna cikin yunwar ƙarshen rani, a ƙara musu dusa da 'ya'yan gawo tun mako uku kafin a sakar musu rago.

Mai nufin sayar da ragon layya yana da wani lissafin. Magana mafi shahara a mazhabar Malikiyya ita ce rago ya cika shekara ɗaya, ko da yake akwai malaman da suka ce wata takwas ko wata goma. Idan aka haɗa wata biyar na ciki da wata goma sha biyu na girma, barbarar ragon da za a yanka a wata Babbar Sallah tana faruwa ne wata 17 kafin ranar, kuma kada a manta Sallar tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. 'Yar tunkiya kuwa kada a haɗa ta sai ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta, wanda yawanci ba ya samuwa kafin wata tara zuwa shekara.

Makonni shida na ƙarshen ciki

A nan ne mafi yawan masu kiwo suke yin asarar da ba su gani sai daga baya. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi yana faruwa ne a makonni shidan ƙarshe, a daidai lokacin da ɗan ya matse tumbin uwar, ba ta iya cika shi da ƙaiƙayi ko karan dawa kamar da. Abin da take bukata shi ne abinci kaɗan mai ƙarfi. Tunkiya mai kilo 30 zuwa 35 tana cin kimanin kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. A wannan lokaci a sa harawar wake ko ta gyaɗa ta zama ita ce mafi yawa, a ƙara mata giram 300 na dusa da aka cuɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har ya kai rabin kilo a makon haihuwa, musamman ga wadda ake zaton tagwaye. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, don haka a auna sau ɗaya a kan sikeli, a yi wa kwanon awon alama, a ci gaba da amfani da shi.

Ruwa mai tsabta kada ya yanke, gishiri ma haka. Amma a kiyayi dutsen lasa da aka haɗa domin shanu, da abincin kaji, saboda sinadarin jan ƙarfe da ke cikinsu yana taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta. Maganin tsutsa na albendazol kuma ba a ba da shi a farkon ciki, domin yana iya lahanta ɗan tayi.

Ranar haihuwa

Idan hantsa ta cika, tunkiya ta ware kanta tana tonon ƙasa tana kwanciya tana tashi, a shigar da ita ɗaki ko rumfa mai busasshiyar shimfiɗa, wadda aka kare ta gabas da arewa da zana, domin daga can iskar hunturu take kaɗowa. Ɗa mai zuwa daidai yana fito da ƙafafun gaba biyu, hancinsa a kansu. Idan ta yi minti 30 zuwa awa guda tana naƙuda da ƙarfi ba tare da wani ci gaba ba, ko aka ga wutsiya ko kai shi kaɗai, a kira malamin dabbobi maimakon a yi ta ja da ƙarfi. Mai taimaka mata ya sa safar hannu. Tun da a gidajenmu mata ne suka mallaki yawancin tumaki kuma su ne suke kula da su, ya kamata a faɗa a sarari cewa mace mai juna biyu ta nisanci tunkiyar da ta yi ɓari da mabiyiyarta, domin wasu cututtukan da ke sa tunkiya ɓari suna kama ɗan Adam.

Da ɗa ya faɗo a share masa majinar hanci da baki, a bar uwar ta lashe shi, domin da wannan lasar take sanin ƙanshinsa. A tsoma cibiyarsa gaba ɗaya cikin aidin, kada a shafa mata toka ko ƙasa, saboda ta cibiya ƙwayoyin cuta suke shiga su kumbura gaɓoɓi bayan mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai dakashi, wato nonon farko, wanda a ganina babu wani magani a kanti da ya kai shi daraja. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi yake samunta, kuma hanjinsa yana iya tsotsar garkuwar ne a yinin farko kawai, ƙofar tana ƙara rufewa da kowace awa. Ya kamata ya sha cikin awa biyu na farko, kuma kafin yini ya cika ya sha kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato ɗa mai kilo uku yana bukatar mililita 300 aƙalla, a rarrabe. A fara tatsar kowane kan nono sau ɗaya ko biyu domin a cire toshiyar da ke bakinsa. Idan ɗan ba shi da ƙarfin kamawa, a tatsa a ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki, a hankali, kansa a miƙe.

Ɗan da ya ƙoshi yana yin miƙa idan aka tashe shi, cikinsa a cike. Wanda ya tsaya a takure, bayansa a gantsare, yana kuka ba ƙaƙƙautawa, yunwa ce take damunsa. A sa yatsa a bakinsa, idan aka ji sanyi to jikinsa ya huce, a fara ɗumama shi da tsumma kusa da gawayi kafin a ɗura masa komai. Maraya, ko na biyun tagwayen da uwa ta ƙi, ana iya shafa masa ruwan haihuwar wata tunkiya da ta haifi ɗaya a ranar, a miƙa mata shi. Idan hakan bai yiwu ba, nonon jar akuya ya fi masa madarar gari ta shayi nesa ba kusa ba.

Daga mako biyu zuwa yaye

Tun yana mako biyu ɗan tunkiya yake fara tsinkar ganye, kuma wannan tsinkar ce take buɗe tumbinsa har ya fara tuƙa. A kewaye wani lungu da itace, a bar ƙofar da ɗa zai shiga amma uwa ba za ta iya ba, a ajiye masa ganyen harawa mai laushi da 'yar dusa da dakakken ƙuli-ƙuli. Kada a ba shi gurya ko tunkuzar auduga tun yana ƙarami, domin akwai guba a cikinta wadda sai cikakken tumbi yake iya karya ƙarfinta. Ana yaye shi a wata uku idan yana cin abinci sosai, kuma a raba maza da mata kafin su kai wata biyar, tun kafin ɗan rago ya fara hawan 'yan'uwansa.

Annobar da ta fi share garke ita ce PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda takan bazu a lokutan da dabbobi suke cakuɗuwa a kasuwa gabanin Sallah. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take haɗawa, wadda ake yi wa ɗa daga wata uku zuwa huɗu, kuma allura ɗaya tana kare shi shekara uku. Ƙwayar cutar da ake yin allurar da ita a ƙasashe da yawa a Najeriya aka samo ta a 1975. Tsutsar ciki mai shan jini kuwa ta damina ce. Hanyar gane ta, wadda aka tsara a Afirka ta Kudu da sunan FAMACHA, ita ce a ja fatar idon ƙasa a duba cikinta: idan ja ce dabbar tana da jini, idan ta yi fari-fari tana bukatar magani nan take. Ba wa kowace dabba magani kowane wata ba tare da dubawa ba shi ne yake sa tsutsa ta saba da maganin. Leda ma tana kashe tumakin da ake saki cikin gari, kuma idan ta taru a tumbi sai tiyata.

Ɗan ragon da za a turke a kula da yawan dusarsa. Dusa tana da fosfaras mai yawa, kalsiyam kaɗan, idan ta yi yawa sai tsakuwa ta taru ta toshe masa mafitsara, a gan shi yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa. Harawa tana daidaita wannan, gishiri kuma yana sa shi shan ruwa, kanwa dai a yi ta kaɗan.

Yadda launi yake bin gado

Duk launin da ake gani a jikin tunkiya daga sinadarai biyu yake fitowa, ɗaya mai ba da baƙi ko ruwan ƙasa, ɗaya mai ba da ja ko rawaya-rawaya. Abin da ke umartar jiki ya fitar da wannan ko wancan shi ne ƙwayoyin gado, kuma kowace dabba tana da kwafi biyu na kowace ƙwaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Gregor Mendel ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida a 1866, bayan shekarun da ya yi yana gwaji da wani nau'in wake. Mu kuwa mun riga mun san ta daga gwajin jinin da ake yi kafin aure: mai AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Haka fari da baƙi suke a yawancin tumakin duniya. Ƙwayar da ake kira ASIP ita ce take hana baƙi fitowa, kuma a 2008 masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa a jikin fararen tumaki wannan ƙwaya ta ninku ne, shi ya sa take aiki a duk faɗin jiki. Fari shi ne mai rinjaye, baƙi shi ne mai ɓuya. Idan muka kira farin F, baƙin kuma b, tunkiya mai FF fara ce, mai Fb ma fara ce amma tana ɗauke da baƙi, sai mai bb kaɗai take fitowa baƙa. Tunkiyarmu da ragonmu duk Fb ne. Wanda yake son ya ga yadda abin yake, ya samu ƙorai biyu, ya zuba farin wake goma da jan wake goma a kowace, ya rufe ido ya riƙa ɗaukar ɗaya daga kowace ƙwarya yana dubawa yana mayarwa. Zai ga ja da ja suna haɗuwa kusan sau ɗaya cikin huɗu idan ya yi ta yi, amma zai ga kuma ba a jere suke zuwa ba, wani lokaci sau biyu a jere, wani lokaci a yi goma ba su haɗu ba. Saboda haka baƙi yakan yi shekaru yana ɓoye a garke, ya bayyana a ranar da aka manta da kakar da ta kawo shi.

Akwai kuma baƙi na biyu, mai rinjaye, wanda ke fitowa daga wata ƙwaya daban mai suna MC1R. Kwafi ɗaya ya isa ya baƙanta tunkiya ko da tana ɗauke da farin da aka ambata, kuma shi ne baƙin tumakin Karakul na Asiya ta Tsakiya. Ido ba ya bambanta baƙaƙen biyu, haihuwa ce take bambanta su. Baƙi mai ɓuya idan ya haɗu da irinsa ba ya haifar fari, amma baƙaƙe biyu masu rinjaye suna iya haifar farin ɗa. Haka nan baƙin ragon da yake ba fararen tumaki daban-daban 'ya'ya baƙaƙe rabi ko fiye, alama ce mai ƙarfi cewa nasa mai rinjaye ne.

Abin da muke kira ja shi ma iri biyu ne. Akwai jan da yake ɗan'uwan fari, domin ƙwayar da ke hana baƙi tana barin jan sinadari ya fito, kuma ya fi fitowa a jikin tumakin gashi irin namu fiye da masu ulu. Wannan ne ya sa ake haifar ɗa da ja-ja a wuya da ƙafafu, ya yi ta koɗewa har ya zama kusan fari. Akwai kuma ruwan ƙasa na ainihi, wanda baƙi ne da wata ƙwaya mai suna TYRP1 ta sauya, shi ma mai ɓuya ne, sai ya zo daga iyaye biyu. Ana gane shi da cewa babu baƙin gashi ko ɗaya a jikin dabbar, har fatar hancinta ruwan ƙasa ce.

Roɗi-roɗi da rabuwar launi wani babi ne daban. Ƙwayoyin jiki, ba na gado ba, da ke yin launi suna tasowa ne daga gadon bayan ɗan tayi, su bazu zuwa sassan jiki tun yana ciki, duk inda ba su kai ba sai ya fito fari. Irin wannan fari kamar mayafi ne da aka yafa a kan launi. Tumakin Jacob na Ingila, masu dabbare-dabbare, a gado baƙaƙe ne da fari ya rufe wasu sassansu. Iri yana gadar da tsarin gaba ɗaya, shi ya sa Uda da Uda suke haifar mai rabi da rabi, 'Yankasa da 'Yankasa kuma mai baƙin ido, amma ainihin inda iyakar launin za ta tsaya ya danganta da ƙananan ƙwayoyi masu yawa, har tagwaye ma ba su zuwa iri ɗaya sak. Idan aka gauraya iri biyu, tsarin yakan wargaje, musamman a jikoki. Abin da tunkiya ta kalla tana da ciki ba ya shafar launin ɗanta, ragon da ya hau ta bara ma ba ya barin komai a cikinta. Abinci da rana dai suna iya sauya abin da ido yake gani: baƙin gashi yana yin ja-ja a rana, ƙarancin sinadarin jan ƙarfe kuma yana sa shi furfura, amma ba a gadon wannan.

Wani lokaci launi yana tafe da lahani. Masu kiwon Karakul sun daɗe da sanin cewa idan aka haɗa toka-toka da toka-toka, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yakan mutu da ciwon tumbi bayan ya fara cin ciyawa, don haka suke haɗa toka-toka da baƙi.

Yadda mai kiwo zai yi aiki da wannan

Kasuwarmu tana son farin rago mai ƙaho, kuma hakan yana da tushe, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho waɗanda fari ya rinjaya a jikinsu, a wata ruwayar ta Muslim kuma an siffanta rago mai baƙi a ƙafafu da ciki da kewayen ido. Farin gashi kuma ya fi mayar da zafin rana, abin da ke da amfani a bazarar da takan wuce digiri 40. Saboda haka ba laifi ba ne mai kiwo ya nemi fari, amma ya san ragon da yake sawa. Farin ragon da ya taɓa haifar baƙin ɗa da farar tunkiya, shi da ita duk masu ɗauke da baƙi ne, babu sauran shakka. Wanda ba a sani ba kuma ana gwada shi da baƙar tunkiya mai bb: idan yana ɗauke da baƙi, rabin 'ya'yan za su zo baƙaƙe, idan kuwa aka samu bakwai a jere duk farare, da wuya a ce yana ɗauke da shi, domin mai ɗauke da baƙi sau ɗaya cikin 128 kawai yake ba da haka. Da fararen tumaki masu Fb sai an samu 'ya'ya 16 kafin a kai kusa da wannan tabbaci.

Duk da haka ina ganin kuskure ne a sayar da tunkiya mai nono da tagwaye saboda ta haifi baƙi, a riƙe fara fat wadda 'ya'yanta suke mutuwa. Launi 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suke juya shi, ana iya gyara shi da rago ɗaya cikin haihuwa ɗaya, amma nono da saurin girma da juriya sai an yi shekaru ana zaɓe. A fara tace tumaki da nauyin 'ya'yansu a ranar yaye, launi ya zo a ƙarshe. Rago kuma a sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, ko da ta hanyar musaya da wani mai kiwo daga wani gari, domin haɗa uba da 'ya yana tono duk abin da ke ɓoye, har da karkataccen muƙamuƙi, da gwaiwar da ba ta sauko ba, da 'ya'ya marasa ƙwari.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da rubutu. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa, a ba kowace tunkiya shafinta, a rubuta ranar barbara, da ragon da ya hau ta, da ranar haihuwa, da yawan 'ya'ya, da nauyinsu a ranar farko da ranar yaye, da ranar rigakafi. Launi kuma a rubuta shi a ranar haihuwa, a ɗauki hoto da waya ta gefen dama da hagu, saboda jan da ake gani a wuyan jariri yakan ɓace kafin wata shida. Baƙar 'yar tunkiyar nan tamu ba mu sayar da ita ba. Da ta girma, ita muka riƙa haɗawa da duk sabon ragon da muka sayo, kuma a shafinta muke duba abin da kowannensu yake ɗauke da shi.